Tambayoyi da Amsoshi Kan Riƙe Ƙungiya da Rainon Ɗan Wasa a Gem ɗin Ƙwallon Amurka

Duk wanda ya shigo ɗakina ya tarar na ƙura wa talabijin ido, allo cike da sunaye da lambobi, babu ɗan wasa ko ɗaya da ke gudu, tambayarsa ta farko ita ce, "Malam, gem kake bugawa ko albashin ma'aikata kake lissafawa?" Duka biyun ne. Abokan da muka taso muna fafatawa a PES da FIFA sun sha yi mini tambayoyi kan gem ɗin ƙwallon Amurka na Madden da ɗan'uwansa College Football, har bakina ya gaji da maimaita amsa. Ga tambayoyin nan kamar yadda aka yi mini su.

Wai mene ne Franchise, mene ne kuma Superstar?

Hanyoyi biyu ne na daɗewa cikin gem ɗin, maimakon ka buga wasa ɗaya ka kashe na'ura. A Franchise ƙungiya sukutum ake damƙa maka, ɗaya daga cikin 32 da ke gasar NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka. Kai ne koci, kai ke ɗaukar 'yan wasa, kai ke sallamarsu, kai ke sa hannu a kwantiragi, kuma za ka iya kaiwa kaka 30 kana riƙe da ita. A Superstar kuwa mutum ɗaya ne kai. Ka ƙirƙiri yaro, ka raɗa masa suna, ka zaɓa masa tsayi da gurbin da zai buga, ka bi shi tun daga ranar da wata ƙungiya ta ɗauke shi har ya jingine takalmi.

A College Football, wato na jami'o'in Amurka, sunayen ne suka sauya. Riƙe makaranta shi ne Dynasty, rainon ɗan wasa ɗaya kuma Road to Glory. Duk kamfanin EA Sports ne ke yin su.

Kada a haɗa waɗannan da Ultimate Team. Shi wancan tara katunan 'yan wasa ne, kuma kullum yana zuga mutum ya sa kuɗinsa na gaske ya sayi ƙunshin da bai san abin da ke ciki ba. Ni dai ba na leƙa wajen, ya yi mini kama da caca.

Ban san dokar wasan ba sam. Zan iya farawa a haka?

Za ka iya, domin ƙashin bayan dokar bai fi layi biyar ba. Tsawon fili yadi 100 ne, yadin nan dai da ake auna shadda da shi a Kantin Kwari. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci yadi goma, ko da gudu ko da jifa. In sun ci, a sake ba su huɗu. In sun kasa a uku, galibi sai su daka ƙwallon da ƙafa can nesa a ta huɗu, don kada abokan hamayya su karɓa a kusa. Wanda ya shiga da ƙwallo ƙarshen fili ya ci maki shida, da ɗan ƙarin maki ɗaya in an buga ta wuce tsakanin sanduna. Bugun sanduna shi kaɗai maki uku ne. Wasa zubi huɗu ne, kowanne minti 15.

Abin da ke rikita ɗan ƙwallon ƙafa shi ne, masu kai hari daban, masu tsaro daban, masu bugun ƙafa daban, kuma canji ba shi da iyaka. Shi ya sa kowace ƙungiya ke riƙe mutum 53. Uban tafiyar shi ne kwatabak, mai karɓar ƙwallo ya jefa ko ya miƙa wa mai gudu. In naka ya lalace, kaka ta lalace.

Gem ɗin da kansa yana ba ka shawarar dabarar da za ka kira a kowace dama. Bi shawararsa mako biyu, za ka fara gane dalili. Marigayi John Madden, kocin da ya ci Super Bowl, wato wasan ƙarshe na kofin NFL, da Oakland Raiders a 1977, wanda gem ɗin ke ɗauke da sunansa, ya kafe tun farko cewa sai an sa mutum 11 da 11 kamar a fili, in ba haka ba a cire sunansa. Wannan na cikin abin da ya sa bugun farko bai fito ba sai 1988. Shi a wajensa gem ɗin makaranta ce ta koyon wasan.

Na saba da Career Mode na FIFA da Master League. Ba abu ɗaya ba ne?

A nan ne kusan kowa ke yin tuntuɓe. A ƙwallon Turai, in ka ci kofi kuɗi su shigo, ka sayi wanda ya fi, ka sake cin kofi. Mai ƙarfi ƙara ƙarfi yake yi. Gasar NFL an gina ta ne a juye, don a ja na sama ƙasa a ɗaga na ƙasa sama, kuma gem ɗin ya kwaikwayi wannan tsari kusan gaba ɗayansa.

Da farko, ba a sayen ɗan wasa da kuɗi daga wata ƙungiya. Musaya ake yi: ka ba da ɗan wasa ko damar zaɓe a diraf, wato zaɓen sabbin yara daga jami'a da ake yi kowace shekara, a ba ka naka. Ko kuma ka jira kwantiraginsa ya ƙare ya fito kasuwa, ku yi ta taya shi da sauran ƙungiyoyi. Na biyu, babu faɗawa rukunin 'yan dagaji. Ƙungiyar da ta ƙare a ƙarshen tebur ma lada take samu, ita ce za ta fara zaɓar yaron da ya fi kowa cikin masu fitowa daga jami'a, wadda ta ci Super Bowl kuma ita ce ta 32 a layi. Na uku, iyakar kuɗin albashin kowace ƙungiya ɗaya ce, daga Dallas Cowboys mai tarin dukiya har Green Bay Packers da ke wani ɗan ƙaramin gari a jihar Wisconsin.

Kakar ma gajeruwa ce. Wasa 17 kacal cikin mako 18, sannan ƙungiya 14 su shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale, a ƙarƙare da Super Bowl a watan Fabrairu. Wanda ya saba da wasa 38 na Firimiya, inda za ka sha kashi uku a jere ka farfaɗo, zai ga cewa a nan kashi uku a jere na iya zama jana'izar kaka.

Saboda haka dabarar "tara taurari" ba ta aiki. In ka tara su bana, baɗi za su zo neman albashin taurari, aljihu kuwa bai ƙaru ba.

To yi mini bayanin wannan iyakar albashin. Me ya sa na sallami ɗan wasa amma kuɗina bai dawo ba?

Kowace shekara gasar tana yanke adadin da ƙungiya ba za ta haura ba wajen biyan 'yan wasanta gaba ɗaya. A 2024 dala miliyan 255.4 ne, a 2025 ya koma 279.2. Kamar da yawa, amma mutum 53 za su raba, kuma kwatabak na ƙwarai shi kaɗai yana haura miliyan 50 a shekara.

Kwantiragi yana da ɓangare biyu: albashin shekara-shekara, da kuɗin sa hannu da ake ba ɗan wasa tun ranar farko. Albashi, in ka sallami mutum ka huta da shi. Kuɗin sa hannu kuwa ya riga ya shiga aljihunsa, sai dai a littafin lissafi ana rarraba shi ne a kan shekarun kwantiragin. Ranar da ka kore shi, duk abin da ya rage ya faɗo maka a ka. Shi ake kira mataccen kuɗi: kana biya, mutumin yana can yana buga wa wani.

Ni da hannuna na ɗanɗana. A kakata ta uku da wata ƙungiya, ina da mai gudu da ƙwallo ɗan shekara 28 da ya ci mini wasanni da dama. Kwantiraginsa ya ƙare, na ji nauyin rabuwa da shi, kai ka ce ɗan unguwarmu ne. Na ba shi shekara huɗu, da kuɗin sa hannu miliyan 20, wato biyar-biyar kowace shekara a littafi. Kaka ɗaya ta wuce, gudunsa ya fara ja baya, masu tsaro suna kamo shi ta baya kamar ɗan akuya. Na shiga in sallame shi, sai ga jan rubutu a gefen allo: hukunci miliyan 15. Na ajiye fad ɗin na yi tagumi. A wannan makon kuma kwantiragin matashin mai tsarona da na raina tun daga diraf ya ƙare, babu abin da zan ba shi. Ya fita kasuwa, wata ƙungiyar rukuninmu ta ɗauke shi, kuma 'yan rukuni ɗaya sau biyu suke haɗuwa a shekara. Sau biyu a kaka yana cafe mini ƙwallo yana rawa.

Kada ka ce sai a gem ake wannan wauta. Denver Broncos sun ɗauko Russell Wilson a 2022 suka yi masa doguwar yarjejeniya, suka sallame shi a 2024, suka haɗiye mataccen kuɗi dala miliyan 85.

Abin da na koya: mai gudu da ƙwallo in ya doshi talatin, a yi masa godiya a buɗe masa ƙofa. Kuɗi mai nauyi na kwatabak ne, da mai farautar kwatabak ɗin abokan hamayya, da ƙaton da ke tsare bayan naka. Akwai kuma wata dabara da ake kira tambarin ƙungiya, inda za ka riƙe mutum ɗaya shekara guda ko bai so ba, amma da albashi irin na manyan gurbinsa. Tana da amfani ga wanda kake shakkar ko zai ƙara shekara biyu yana tashe.

Yaya ake cin ribar diraf?

Diraf shi ne zuciyar Franchise. Zagaye bakwai ne, a watan Afrilu ake yin na gaske. Dalilin da ya sa yake da daraja shi ne araha: yaron da ka zaɓa kwantiragin shekara huɗu yake samu a kan kuɗi kaɗan, na zagayen farko ma kana da damar ƙara masa ta biyar. In ka dace da kwatabak na kirki a diraf, shekara huɗu kana biyansa kuɗin goro, sauran kuɗin ka gina masa ƙungiya. San Francisco 49ers sun ɗauki Brock Purdy a matsayin mutum na ƙarshe, na 262, a 2022, kuma da shi suka kai Super Bowl a kakar 2023. Tom Brady kansa na 199 ne a shekarar 2000.

A gem ɗin kana da masu leƙen asiri da kake turawa yankuna, kowanne da gurbin da ya fi ganewa. Suna tono maka bayanin yara kaɗan-kaɗan cikin kaka, ba a ba ka lambar ƙwarewar yaro ƙarara, sai dai haruffa da ƙiyasi. Sannan a yi taron gwaji irin wanda ake yi a Indianapolis, inda ake auna tsalle da ɗaga ƙarfe da gudun yadi 40. Xavier Worthy ya yi shi a daƙiƙa 4.21 a 2024, ya kafa tarihi. A Madden gudu yana da tasiri fiye da kima, don haka kowa idonsa na kan wannan lambar.

Wata rana muna zaune da ƙanena, zaɓe ya zo kaina a lamba ta tara. Akwai wani mai cafe ƙwallo da ya yi gudun a 4.3, akwai kuma wani ƙato mai tsare gaba, wato mai kare kwatabak. Ya dafa ni ya ce, "Yaya, don Allah ɗauki mai gudun nan, ka ga kamar iska!" Na danna ƙaton. Ya ja tsaki ya ce, "Haba Yaya, wannan ai har ya yi ritaya ba zai taɓa ƙwallo da hannunsa ba." Gaskiya ya faɗa, bai taɓa ba. Amma kakar da ta gabata an kayar da kwatabak ɗina har na daina ƙirgawa, ƙwallo ba ta barin hannunsa kafin a danne shi. Da ƙaton ya zo sai ya samu daƙiƙa ɗaya ta ƙari, kuma a wasan nan daƙiƙa ɗaya dukiya ce. Mai gudun ma ya yi suna a inda ya je, don haka har yau ƙanena bai yarda ya faɗi ba.

Abu ɗaya da ya fi lambar yaro muhimmanci shi ne saurin girmansa. Madden ya kasa shi huɗu: Normal, Star, Superstar da X-Factor. Wasu sabbin yaran nasu a ɓoye yake sai sun buga wasanni kafin ya bayyana. Yaro mai maki 68 da ke girma da sauri ya fi mai 75 da ya tsaya cak. Ka sa shi a fili tun yana ɗanye, a benci ba ya koyon komai.

Wace ƙungiya zan ɗauka?

In koyo kake, ɗauki mai kwatabak tsayayye, irin Kansas City Chiefs da Patrick Mahomes ko Buffalo Bills da Josh Allen. In ka iya, sauka ƙasan tebur ka ɗauki wadda ba ta da komai sai damar zaɓe. Daɗin ya fi yawa a can. Akwai kuma zaɓin a zube dukkan 'yan wasan gasar a faifai ɗaya a sake rabo daga farko, kowa ya zaɓa bi da bi.

Gem ɗin yana barin ka kwashe ƙungiya ka kai ta wani gari, har wajen Amurka irin Landan, Toronto, Dublin ko birnin Meziko. A ƙwallon Turai wannan abin tayar da tarzoma ne, a can kuwa an saba: Rams sun koma Los Angeles a 2016, Raiders sun koma Las Vegas a 2020.

Dole ne in buga kowane wasa da hannuna?

A'a. Za ka iya buga shi duka, ko hari kaɗai, ko tsaro kaɗai, ko ka bar kwamfuta ta tafiyar da wasa ta kira ka a wuraren da suka yi zafi kawai. Za ka iya ma tsallake makon gaba ɗaya ka ga sakamako. Ni nakan buga na 'yan rukuninmu da na sili-ɗaya-ƙwale, sauran in bar wa kwamfuta. Ga wanda wuta ba ta zama a unguwarsu, wannan zaɓi rahama ne. Ka rage tsawon zubi zuwa minti biyar ko shida, wasa ya ƙare kafin a ɗauke.

Na ci Super Bowl sau huɗu a jere, abin ya gundure ni. Me zan yi?

Na farko ka duba matakin wahala. Huɗu ne: Rookie, Pro, All-Pro, All-Madden. In kana Pro kana taƙama, ka hau sama tukuna.

Na biyu, ka daina cutar kwamfuta. Kowa ya san tana da saurin yarda a wajen musaya. Ka haɗa mata tsofaffi biyu da wata damar zaɓe ta baɗi, ta miƙo maka matashin tauraro tana godiya. Haka kuma akwai dabara biyu ko uku da ba ta iya tarewa, in ka gano su sai ka yi ta maimaitawa. Gem ɗin ba zai hana ka ba, kai ne za ka hana kanka. Dokokina a gida: musaya ba ta wuce biyu a kaka, ba na karɓar yaron da bai cika shekara biyu a gasar ba, ba na kiran dabara ɗaya fiye da sau uku a wasa, kuma in na sha kashi ba na kashe na'ura in sake. Wannan ta ƙarshen ita ce mai wuya.

Superstar fa, yana da daɗi?

Kaka biyu na farko, ƙwarai. Ka fara da gwajin gudu da jifa, a zaɓe ka, ka yi ta fafutukar samun gurbi. A bugun 'yan shekarun nan za ka iya zama kwatabak, mai gudu, mai cafewa, ko ɗaya daga cikin masu tsaro. Shawarata ka fara da kwatabak ko mai gudu, don su ne ƙwallo ke zuwa hannunsu. Mai cafewa zai iya zura gudu sau goma yana ɗaga hannu, kwamfuta ta jefa wa wani.

Matsalarsa ita ce in makinka ya haura 90, babu sauran abin nema. Ba ka da ta cewa a kan wanda za a ɗauka ko a kora, sai ka zama tauraro a cikin gidan da ke rushewa.

Tsarin ya sha sauya riga. Ya fara a Madden NFL 06 a 2005, inda har iyaye kake zaɓa wa yaronka don ya gaji jikinsu, ka ɗauki wakili, a kira ka fitowa a fim. A 2017 aka kawo Longshot, wanda ya fi kama da fim mai ɗan wasa a ciki. A 2019 aka koma Face of the Franchise, sannan a 2023 aka dawo da sunan Superstar.

Mene ne bambancin Dynasty da Franchise?

A ganina Dynasty ne ya fi su duka daɗi yanzu. A jami'a babu diraf. Zawarcin yaran sakandare ake yi. Kowane mako ana ba ka awoyi ƙididdigaggu, ka raba su tsakanin yaran da ke kan allonka: wannan a kira shi, wancan a tuntuɓi iyayensa, wani a gayyato shi ya ga wasa a filinku. Kowane yaro da abin da ya dame shi. Wani kusa da gida yake so, wani so yake a sa shi a fili tun shekarar farko, wani hanyar shiga NFL yake dubawa. Taurarinsu daga ɗaya zuwa biyar ne, kuma mai biyar ba zai kalli ƙaramar makaranta ba in Alabama ko Georgia ko Ohio State na kiransa.

A nan kam tsarin ya yi kama da na Turai, mai ƙarfi ke ƙara ƙarfi. Jami'ar Michigan filinta yana cin mutum sama da 107,000, kai kuma kana can da irin su Kennesaw State da suka shigo babban rukuni a 2024. Ga shi ɗan wasa ba ya daɗewa: shekara huɗu, ko biyar in ka ajiye shi shekara guda bai buga ba, gwanaye ma bayan uku suke tsallakawa NFL. Wanda bai ji daɗin zama ba kuma ya sa sunansa a jerin masu sauya makaranta ya yi gaba. Kullum cikin gini kake, kullum ana kwashe maka bulo. Kai ma koci kana iya farawa a matsayin mataimaki, ka yi suna, babbar makaranta ta kira ka, ko a kore ka.

Gem ɗin ya ɓace shekara 11. Bayan NCAA Football 14 da ya fito a 2013 aka daina yin sa, saboda ƙarar da tsoffin 'yan wasan jami'a suka shigar, ciki har da Ed O'Bannon, kan amfani da kamanninsu ba tare da an biya su ba. Da aka sauya doka a 2021 aka halatta wa ɗalibai cin kuɗi da sunansu, sai hanya ta buɗe. College Football 25 ya fito a Yulin 2024 da makarantu 134, aka ba kowane ɗan wasan da ya yarda a sa shi dala 600 da kwafin gem ɗin.

Road to Glory kuma fa?

Ɗalibi ne kai, don haka ban da fili akwai aji. Ƙarfinka na mako ƙididdigagge ne, ka raba shi tsakanin karatu, atisaye, hutun jiki, jan ragamar abokai da neman suna. In ka yi watsi da karatu makinka ya faɗi, a hana ka wasa. Sai koci ya yarda da kai kafin ya sakar maka mara ka sauya dabara a fili. In ka gama, za ka iya ɗaukar yaron nan ka shigar da shi Superstar na Madden ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Me ya sa tsofaffin 'yan gem kullum suke cewa na da ya fi?

Suna da hujja. Franchise ya fara ne a Madden NFL 99, kuma ya zuwa Madden 2004 har farashin tikiti da na abincin da ake sayarwa a filin wasa kai ke yankewa. A lokacin akwai kishiya. ESPN NFL 2K5 ya fito a 2004 a kan dala 19.99, ƙasa da rabin kuɗin Madden, kuma mutane da yawa sun ce ya fi shi. A Disambar wannan shekarar EA ya ƙulla yarjejeniya da NFL cewa shi kaɗai zai riƙa amfani da ƙungiyoyi da 'yan wasanta. Tun daga nan babu mai taka masa burki. Da aka koma sabbin na'urori, abubuwa da yawa suka zube a hanya, hankalin kamfanin kuma ya karkata ga Ultimate Team inda kuɗi ke shigowa kullum.

A 2020 masu wasa suka fusata suka cika Twitter da kiran a gyara Franchise, har kamfanin ya fito ya yi alkawari. Daga Madden 22 aka fara ganin sauyi: mataimakan koci, shirin wasa na mako-mako, sabon tsarin leƙen yara. An samu ci gaba, amma in ka ga mutum ya ajiye tsohuwar PS2 yana lallaɓa ta saboda Madden 08, kada ka yi masa dariya. Da tsohuwar zuma ake magani.

PS4 gare ni. Wanne zan saya, kuma sai da intanet?

Madden NFL 25 na 2024 shi ne na ƙarshe da ya fito a PS4 da Xbox One. Madden 26 sai PS5, Xbox Series, kwamfuta ko Switch 2. College Football 25 da 26 kuwa PS5 da Xbox Series kaɗai.

Ka kula a kasuwa, Madden 25 guda biyu ne. Akwai na 2013, da aka sa wa wannan suna don cikar gem ɗin shekara 25, akwai na 2024. Na PS4 na 2013 hoton Adrian Peterson ne a jiki da rigar Minnesota, na 2024 kuwa Christian McCaffrey ne da jar rigar San Francisco. Duba bayan kwalin kafin ka miƙa kuɗi.

Franchise yana da na kan intanet da na cikin na'ura. Zaɓi na cikin na'ura, ba ya cin data, ba ruwansa da sabis. Sai dai saukar da gem ɗin da sabunta shi gigabait gommai ne, a nemi inda ake da intanet mai ƙarfi a yi shi sau ɗaya.

Ba ni da na'ura sai waya.

Nemi Retro Bowl. Ɗan ƙaramin gem ne na kamfanin New Star Games da ya fito a 2020, zanensa irin na da, amma akwai diraf, akwai iyakar albashi, akwai 'yan wasa masu fushi in ba a kula da su ba, akwai gyaran filin atisaye. Hari kaɗai kake bugawa, da yatsa ɗaya. Duk abin da na faɗa a sama kan kwantiragi da tsufan ɗan wasa za ka koye shi a nan cikin mako guda, a layin banki ko a cikin mota.

Akwai 'yan Najeriya a ciki?

Da yawa, galibi 'ya'yan da aka haifa a can. In kana duba jerin 'yan wasa za ka yi ta cin karo da sunayen Ibo da na Yarabawa. Wanda ya buɗe hanya shi ne Christian Okoye, haifaffen Inugu, da ya buga wa Kansas City daga 1987 zuwa 1992, ya kuma fi kowa gudu da ƙwallo a gasar a 1989 da yadi 1,480. A tsohon gem ɗin Tecmo Super Bowl na 1991, masu tsaro in sun yi karo da shi tarwatsewa suke yi, har yau ana ba da labarinsa. Osi Umenyiora, wanda ya ci Super Bowl biyu da New York Giants, shi ke jan ragamar neman yara daga Afirka, kuma a Gana aka yi sansanin NFL na farko a nahiyar a 2022. Sunan Bahaushe kam sai ka ƙirƙira da kanka a Superstar. Nawa Ɗanladi ne, kwatabak, lamba 12.

Za mu iya yin gasa da abokai?

Na kan intanet yana ɗaukar har mutum 32, kowa da ƙungiyarsa, a naɗa shugaba ɗaya mai tura mako gaba. Yana da daɗi ƙwarai, don ɗan Adam ba ya yarda da musayar banza kamar kwamfuta. Amma daga nan yankinmu akwai jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsin ɗan wasa, kuma jifa a wasan nan abu ne na ƙiftawar ido. In da 'yan Amurka kuka haɗu, ga bambancin awa biyar zuwa tara, lokacin da suka taso aiki kai kana barci. Ajiyar ma ba a hannunka take ba. A ƙarshen Disambar 2022 wata matsala ta lalata ajiyar masu Madden 23 da dama da suka shiga cikin wasu awoyi, kamfanin da kansa ya ce kusan kashi 40 cikin ɗari kawai yake sa ran cetowa.

Mu dai a na'ura ɗaya muke yi. Ni na riƙe Chicago, ƙanena ya riƙe Detroit, rukuni ɗaya, sau biyu muke haɗuwa a kaka. Ranar diraf kowa ya juya baya in ɗan'uwansa na duba allon yaransa. Bana yana gabana a layi da lamba biyu, kuma na tabbata ya leƙa nawa lokacin da na fita alwala, don kwana uku ke nan yana tambayata ko na taɓa jin sunan wani ƙaton mai tsare gaba daga Iowa.